Kwantaccen Cikin Sahura

Sahura ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Abare take aure, gidan Makau mai injin niƙa dutsen zinari. Shekarar da gubar dalma ta shiga garin, ɗiyanta biyu suka tafi, daga nan haihuwa ta tsaya cak. Ta ci gaba da suyar ƙosai a ƙofar gida. Ba ta kuka gaban kowa, amma in mai goyo ta zo saye, gyaran da take mata ya fi abin da ta saya yawa.

Bara ta fara tashin zuciya. Ko ƙamshin nama ba ta so. Loma biyu ta ce ta ƙoshi, ga ƙwannafi ya hana ta sakat, sai tsotsar kanwa. Matan unguwa suka hau tsokanarta: "Su Sahura an kamu, laulayi ne!" Da cikin ya fara tasowa kuwa, har waƙa take bakin kasko.

Na zo daga Bukkuyum na gan ta. Wuya kamar sillen kara, ido fari fat. Na ja ta ɗaka na yi ta tambaya, har ta faɗa mini bayan gidanta baƙi ne kamar kwalta. Na ce, "Tashi mu tafi asibiti."

Ta ce, "Haba Yaya, kar ki yi mini baki. Shekara nawa ina roƙon Allah?"

Lokacin haihuwa ya zo ya wuce, ko motsi babu. Tsofaffi suka ce cikin ne ya kwanta, ba a kanta farau ba, aka shiga ɗura mata jiƙe-jiƙen tayar da shi. Haushi kamar ya kashe ni! Sai da ta yi aman jini sannan muka kwashe ta zuwa Sakkwato.

Likita ya ce babu jariri. Ciwon daji ne a tumbinta, ya riga ya bazu, kumburin nan ruwa ne. Abin da ya rage sai maganin rage zafi. A gabana ya faɗa mata, ta gyaɗa kai kamar ta gane.

Muna hanyar dawowa mota ta faɗa rami. Sahura ta dafe cikin da hannu biyu, ta ce wa direba, "Malam, a hankali don Allah, ba ni kaɗai ba ce."