Fedar da Aka Auna da Ƙafar Nadine

Orval Tackett makanike ne a wani ƙauyen Tennessee ta Amurka, amma matarsa Nadine aka fi sani, don ita ke kaɗa wa coci jitar nan mai feda, wadda ake kwantarwa kamar tebur. Da ciwo ya cinye mata ƙarfin ƙafa, sai feda ta gagare ta takawa.

Orval ya shiga gareji ya duƙufa ƙera mata wata jitar. Wahalar aikin tana wajen 'yan yatsun ƙarfe goma da ke jan tsirkiya su sauya mata murya idan an taka feda. Ɗaya bayan ɗaya ya goge su da magagari. Kullum sai ya ƙara sassauta sifirin ɗin da ke riƙe fedar, ya turo Nadine a keken guragu ta gwada.

"Har yanzu da tauri, tsoho. Jita kake ƙerawa ko birkin tarakta?"

Ranar da feda ta yi laushin da babban yatsa kaɗai zai motsa ta, kwanan Nadine tara a kabari.

Bayan shekara, ƙaninta Dewey, wanda shi ma makaɗi ne, ya zauna gaban jitar. Takalminsa na taɓa feda, sauti ya karkace.

"Yaya Orval, wannan ai ba mai iya kaɗa ta. Miƙo sifana in ɗaure sifirin, yanzu za ta gyaru."

Orval ya ɗauki sifanar ya jefa aljihu.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ƙafar ce ba tata ba."