Ɗigo Uku a Bayan Famfon Gwaggo

Autanmu ba ya yarda da kowa. Tun yana rarrafe haka yake. In ka miƙa masa abu sai ya juya shi, ya sansana, ya dube ka sama da ƙasa kafin ya karɓa. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiran sunansa na yanka, sai dai Sai-Na-Gani. Ranar da likita ya ce masa haƙorinsa ya ruɓe, cewa ya yi a ba shi madubi tukuna. To wannan bawan Allah ne aka haɗa da tsohuwar mota, kuma wallahi yau bakina har kunne nake ba da labarinsa.

Motar a-kori-kura ce, ta Babanmu, Allah ya jiƙansa. Ta girmi Auta nesa ba kusa ba, shi ya sa a gida muke ce mata Gwaggo. Da safe sai an lallashe ta take tashi, in ta tashi kuma sai ta yi tari ta yi kaki, maƙwabta su san gari ya waye. Ƙofar direba da waya ake ɗaure ta. Amma da ita Auta yake ɗaukar bulo da yashi da kayan masu sauya gida, da ita yake ci da matarsa da yaransa. Bai iya wata sana'a ba, bai kuma taɓa son ya iya ba.

Halin rashin yardar nan ba a ƙasa ya tsinta ba, gado ne. Baba ya fi shi. Duk ƙarfen da ke jikin motarsa sai ya sa ƙusa da guduma ya yi masa ɗigo uku a wurin da ido ba ya kaiwa, biyu a ƙasa ɗaya a sama, don kada makanike ya musanya masa da ruɓaɓɓe. Bai taɓa gaya wa bare ba. Auta kaɗai ya nuna wa, ranar da ya damƙa masa makulli, ya ce masa, "Wannan tsakanina da kai ne. Ko matarka kada ta ji."

To rannan Gwaggo ta ɗauko bulo tana hawan wani tudu, sai tururi ya turnuƙe daga gaba kamar an buɗe tukunya. Aka jawo ta zuwa garejin Dogo makanike. Dogo ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya goge hannu a wando, ya ce, "Famfon ruwa ne, wanda ke zagaya da ruwa yana sanyaya inji. Jikinsa ya tsage."

Auta ya ce, "Sai na gani."

"Na san za ka faɗa. Matso da kanka, amma ka cire mini numfashinka daga wuya."

Auta yana tsaye a kansa aka kwance famfon. Ga tsaga nan kuwa, tun daga baki har gindi. Dogo ya ce da roba ce ko boris da an samu, amma jikin famfo irin wannan an daina yin sa tun shi yana koyon riƙon sifana. Auta ya juya bayan famfon a ɓoye, ya kankare baƙin mai da farce. Ɗigo uku na nan. Ya naɗe shi a tsohuwar rigarsa, ya ƙulle, ya rungume kamar jariri.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi zuwa wurin Kawu, ƙanen Baba, wanda maganarsa ce ke yanke komai a gidanmu tun rasuwar Baba. Kawu ya zauna a kan benci a ƙofar gida ya ce, "Auta, motar nan ta gaji. Kullum gyara, kullum gyara. In wata ya ƙare ba ta tashi ba, a kai ta a yanka. Na ma yi magana da Sarkin Tsatsa, ya ce yana so."

Sarkin Tsatsa shi ne mai sayen matattun motoci yana farfasa su a filinsa na bayan kasuwa. Auta ya san ba a musu da Kawu. Amma a ransa ya ce, oho. Mota ta lalace da hantsi, kafin la'asar har an samu mai saye? Biri ya yi kama da mutum.

Washegari ya shiga layin masu kayan gyaran mota da ƙunshinsa a hammata. Shagon farko, mai shagon ya ɗauko wani famfo sabo fil a kwali, yana sheƙi.

"Ga shi, Maigida, gangariya. Ka ɗaura ka manta."

Auta ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Ya ɗora a kan nasa, ramukan ƙusoshi ba su hau juna ba.

"Wannan ai ba nata ba ne."

"Ƙaramin abu! A ɗan huda nan, a ɗan goge can."

"In takalmi ya yi maka kaɗan, yatsa kake yankewa?"

Shago na gaba aka ce babu. Na gaba da shi aka yi dariya aka tambaye shi ko motar da gawayi take tafiya. Wani mai fara'a da yawa, irin fara'ar da Auta ba ya so, ya ce, "Bar mana naka mu nema da shi, gobe ka zo."

Auta ya ƙara matse ƙunshinsa. Ya san wannan wasan. Ka bar musu tsohon kayanka, su toshe tsagar, su wanke da fetur, su shafa fenti, gobe su sayar maka da abinka kana godiya. Ya ce, "Ni da shi tare muka fito, tare za mu koma."

Haka ya yi ta yawo har takalminsa ya soma buɗe baki. Abin da ya fi tsaya masa a rai, duk inda ya je maganar ƙarshe ɗaya ce: "Irin wannan sai dai ko wajen Sarkin Tsatsa." Har Dogo ma abin da ya ce ke nan. Auta ya zauna yana haɗa ɗaya da ɗaya. Dogo ne ya ce famfo ya mutu. Kawu ne ya ce a sayar. Mai son saye kuma shi kaɗai ne wai yake da maganin. Wa ya taɓa ganin an kai akuya jinya gidan kura?

Matarsa ce ta gaji ta ce masa, "Baban yara, wata fa ya raba. Ko kura ce ka je ka gaishe ta, ai ba a bakinta za ka kwana ba."

Ya je. Filin Sarkin Tsatsa kuwa makabartar motoci ce. Ƙofofi a jingine kamar faifai, injuna a kife, tayoyi sun yi tsibi, ko'ina warin tsatsa da baƙin mai. Shi kansa mutumin gajere ne mai tumbi, yana zaune a kan kujerar wata mota da aka ciro, ya ɗora ƙafa a kan batir.

"A'a, Sai-Na-Gani! Ka kawo mini Gwaggon ne?"

"Gwaggo lafiyarta ƙalau. Famfo nake nema."

Ya kwance ƙunshin. Sarkin Tsatsa ya karɓa, ya juya, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi wani ɗan murmushi da Auta bai so ba ko kaɗan.

"Kamar akwai. Amma can ƙarƙashin tarkace yake, sai an ɗaga kaya. Bar wannan in gwada da shi, ka dawo gobe da safe."

"In tsaya a ɗaga ina nan."

"Mai ɗaga kayan ya tashi. Ko ka bari, ko ka tafi da abinka. Ni dai ka san in wata ya ƙare duka motar ce za ta zo nan da ƙafarta."

Auta ya dubi famfonsa. Abin da ya ƙi yi a shaguna duk, shi ne yau ya zama dole, kuma a hannun mutumin da ya fi kowa son Gwaggo ta mutu. Amma ya tuna ɗigo uku, ya ce a ransa, bari dai, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya bari ya tafi. Ranar ko abinci bai ci na kirki ba.

Da safe tun ba a gama buɗe ƙofar filin ba yana tsaye. Sarkin Tsatsa ya miƙo masa famfo, an wanke shi tas, yana ƙamshin fetur. Ga nauyi, ga ramuka daidai, babu tsaga. Auta ya ji daɗi ya taso masa, sai ya danne. Ya juya bayan famfon.

Ɗigo uku. Biyu a ƙasa, ɗaya a sama.

Kai, jama'a! Sai ga Auta, wanda ba a jin muryarsa, yana ihu har ma'aikatan filin suka ajiye guduma suka taru.

"Na kama ka! Wallahi na kama ka! Nawa ne! Kayana za ka sayar mini?"

"Kai, yi a hankali. Naka kamar yaya?"

"Ga shaida! Ku zo ku gani! Ɗigo uku, biyu ƙasa ɗaya sama, hannun Babana ne! Duk ƙarfen motarmu akwai shi! Kun toshe tsagar kun wanke!"

Wani mai walda ya leƙo ya ce, "To ina wurin toshin?"

Auta ya kankara da makulli, ya kankara, bai ga komai ba. Ya ce, "Ai kun iya aikin ne!"

Sarkin Tsatsa bai yi fushi ba. Dariya ya yi har tumbinsa na rawa. Ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya jawo tsohuwar rigar Auta, ya warware. Ga famfon Gwaggo da tsagarsa, da baƙin mansa, ba abin da ya taɓa shi. Ya ajiye su gefe da gefe. Famfo biyu, kowanne da ɗigo uku.

Auta ya dubi wannan ya dubi wancan. Can ya ce, a hankali, "Kai ka buga ɗigon jiya."

"Dubi cikin ramin ɗigon. Tsatsar da ke ciki ta girme ka. Taho ka gani, tunda sunanka ke nan."

Ya ja shi can ƙarshen fili, bayan tsibin tayoyi. An ɗage wasu ƙofofi da rufin wata bas, ga gawar wata a-kori-kura ta fara nutsewa a ƙasa, gabanta a lotse, ciyawa ta fito ta tagar. Irin Gwaggo sak. Auta ya durƙusa ya kankare bayan marfin tanki: ɗigo uku. Ya kankare jikin giya: ɗigo uku. Ya shiga ƙarƙashi da fararen kayansa, ya kankare sifirin. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce wai tsatsa ce ta faɗa masa.

Sarkin Tsatsa ya ce, "Tsohona ne ya saye ta a wurin tsohonka, ina yaro. Na manta da ita sai jiya da na ga bayan famfonka."

Ko a nan Auta bai gama yarda ba. Kai tsaye gidana ya zo da famfo biyu a hannu, ko sallama bai gama ba ya ce, "Yaya, Baba ya taɓa yin wata mota?" Na ce ƙwarai, biyu ya saya tare, ɗayar ta daki gada lokacin kai kana goye, ya sayar da ita, ya hana a ƙara zancenta a gidan don takaici. Ya ce, "Shi ne ba wanda ya gaya mini?" Na ce, "Da an gaya maka yarda za ka yi?"

Dogo ya sa wa famfon da aka samo sabuwar roba da boris, Auta na tsaye a wuyansa kamar kullum. Aka zuba ruwa, aka murza makulli. Gwaggo ta yi tari, ta yi kaki, ta kama. Aka bar ta tana ruri har rana ta take, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Auta ya loda mata bulo ya hau tudun nan da ta mutu a kai, ya sauko, ya sake hawa, sannan ya zo ya tsaya a gaban bencin Kawu ya danna ham.

Kawu ya zagaya motar, ya taɓa gabanta ya ji ba zafi. Ya ce, "To. Dama ni ba ƙin ta nake ba."

Auta ya ce, "Haka ne, Kawu," yana kallon gefe.

Ba a ƙara zancen yanka Gwaggo ba. Yanzu ma har rumbun kayan gyara gare ta, don Auta ya daidaita da Sarkin Tsatsa a bar masa gawar nan, duk abin da ya lalace ya zo ya kwance. Kaya ne da Baba ya riga ya duba da idonsa, wa zai fi shi?

Sai dai abu ɗaya ya hana Autanmu sakewa. Ya tuna cewa da bakinsa ya yi shelar ɗigo uku a gaban duk masu guduma na filin nan, kuma kowannensu yana da ƙusa. Saboda haka ya ɗauki yini guda cur, ya kori kowa, ya bi gawar motar ƙarfe bayan ƙarfe yana buga sabuwar alama a gefen ta Baba. Na tambaye shi wace iri ce, na ce ni fa yayarka ce, ni na goye ka.

Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon nan nasa na tun yana rarrafe, ya ce, "Yaya, me ya sa kike son ki sani?"