Baba Labbo da Ƙananan Kifayen Asibitinmu

Da sassafe, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi sanyi, kwaɗi ba su gama surutunsu ba, za ka ji ƙarar keken Baba Labbo ya shigo layinmu na Nasarawa a Birnin Kebbi. Ni ina sayar da shayi a ƙofar wani ƙaramin asibitin yara, shi kuma shi ne mai sharar asibitin tun ina goye. Kafin ya taɓa tsintsiya sai ya je gaban akwatin gilashin da ke ɗakin jira, ya durƙusa, ya ce, "Kun kwana lahiya?" Da kifi yake.

Kifayen nan, in ka gan su sai ka yi dariya. Babbansu bai kai ɗan yatsana ba. Jikinsu ruwan zinariya da baƙin zane, kullum a tare suke yawo, in ɗaya ya juya duk su juya. Akwai wasu 'yan kaɗan masu dogon wutsiya da suke zama tare da su. Sista Paulina, babbar nas ɗin wurin, ita ta kawo su don yara su riƙa kallo su manta da allura. Kuma suna mantawa, na sha gani. Yaro na bin kifi da ido, sai dai ya ji an ce an gama.

Abin da ya sa nake wannan rubutu, ƙarshen watan da ya wuce Baba Labbo ya ajiye aiki saboda ciwon gwiwa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na ga bai kamata ya tafi haka shiru ba.

Ku sani, mutumin Argungu ne, ɗan masunta. Da ƙuruciyarsa ya shiga kogin Matan Fada da homa da gora yana neman giwan ruwa. A garinsu kifi sai ya kai a kira mutum ya kama maka ɗauka ake ce masa kifi. To wannan mutumin ne yake tsintar abinci da yatsu biyu kamar mai zuba gishiri a miyar marar lafiya, yana barbaɗa wa 'yan mitsi-mitsin nan. Ruwan famfo ba ya zuba musu kai tsaye, sai ya kwana a bokiti, wai maganin da ke ciki ya fita. Ba ya canza ruwan duka, kaɗan yake ɗiba ya mayar da kaɗan. In aka ɗauke wuta, ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya, sai ya ɗauki moɗa ya riƙa ɗibar ruwan yana kwararo shi daga sama har wuta ta dawo ko a tada janareta. Ya taɓa gaya mini masu zanen nan in suka ragu sai su zama mafaɗata, su kama cizon wutsiyar maƙwabtansu. Ya ce, "Kaɗaici na, Munzali. Awa mutane suke."

Ranar da ba zan manta ba, ranar da surukinsa ya zo. Malam Abbas, uban mijin 'yarsa Mansura, babban masunci ne a Argungu. Ya taɓa zuwa sau ɗaya ya ga akwatin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Labbo, wanga kihi na ko sauro?" Ya koma gida da tausayin surukinsa a zuciya. Sai ga shi wata Laraba da bokiti rufe da buhu. Kafin a gama gaisuwa ya ɗaga bokitin ya juye a cikin gilashin.

Tarwaɗa ce. Ba babba ba, amma bakinta ya isa.

"Ga kihi nan na kawo maka," in ji Malam Abbas yana share hannu. "Ko mutane su san ɗan Kabi ka aiki nan."

Ni na kawo musu shayi, a gabana aka yi. Ƙananan nan suka dunƙule a lungu guda kamar 'yan makaranta sun hango bulala. Tarwaɗa ta miƙe gashin bakinta ta nufe su. Na kalli Baba Labbo. In ya ce a cire, ya mayar wa suruki kyautarsa a fuska, kuma Mansura ce za ta ji a jikinta a can gidan. In kuma ya yi shiru, kafin la'asar an cinye masa 'ya'ya.

Sai ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannunsa cikin ruwan har gwiwar hannu, ya buɗe tafi tsakanin tarwaɗa da yaransa. Ya juyo da fara'a ya ce, "Madalla, Allah shi saka da alheri. Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau. Mi kake yi da hannu cikin ruwa?"

"Ina jin sanyinsa ne, kar baƙuwa ta sha wuya."

Haka aka zauna. Tarwaɗa ta yi dama, hannu ya yi dama. Ta yi hagu, ya tare. Aka yi hirar shinkafar fadama, aka yi ta albasar Augie, aka koma kan wani da ya rasu bara, aka yi masa addu'a, Baba Labbo ya shafa da hannu ɗaya. Sau biyu ta soke shi da ƙayarta, na ga idonsa ya kawo ruwa, Malam Abbas ya ɗauka mamacin yake tunawa, har ya ba shi haƙuri. Sista Paulina ta leƙo, ta gani, ta koma ciki da sauri ta toshe baki da gyale.

Da aka kira azahar Malam Abbas ya fita alwala. Kafin ya dawo tarwaɗa tana cikin tsohuwar randa a bayan asibiti. Baba Labbo ya kai shi ya nuna masa, ya ce, "Babbar baƙuwa ba a haɗa ta ɗaki da yara. Na ware mata wurinta." Malam Abbas ya ji daɗi ƙwarai. An ce har yau yana faɗa a bakin kogi cewa kifinsa ɗaki na musamman aka ba shi a asibitin Birni. Baba Labbo ya yi ta kiwon ta da hanjin kaji, da babbar salla ya ɗora ta a mota ya kai wa Malam Abbas, ta yi ƙiba kamar cinya.

Baba, kai ne ka bar giwan ruwa ka zo ka durƙusa wa abin da ko kyanwa ba za ta tsaya dominsa ba. Kai ne hannunka ya kumbura kwana da kwanaki ba ka gaya wa kowa dalili ba. Labbo na Mansura, bangon marasa ƙarfi. Yaran da suka sha allura ba kuka ba su san sunanka ba, iyayensu ma mai shara kawai suka sani. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Mu kuma da aka ba mu amanar ƙaramin abu, ko kofin shayi ne, mu riƙe shi yadda ka riƙe naka.

Jiya da hantsi ya zo wucewa zai je kasuwa, ya ji layin shiru, ya gane babu wuta. Baiwa, wadda ta karɓi aikinsa, ta fita aike. Ya jingine keke, ya shiga yana ɗingishi, ya ɗauki moɗa. Yana nan tsaye yana kwarara ruwa har aka tada janareta. Sista Paulina ta zo wucewa da tiren magani, ta manta ma ya bar aiki, ta ce, "Baba, kekenka ya tare ƙofa." Ya ce to. Ya rataye moɗar a wurinta, ya fito ya janye keken ya tafi.