Allon da Kawu Lado Ya Ƙi Rubutawa

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Lado aikin allo a Funtuwa ya san ba ya taɓa buroshi a ranar farko. Za ka zo da sunan shagonka a takarda kana ta fara'a, shi kuwa ko kallonta ba zai yi ba. Sai ya gyara hular nan tasa da fenti ya gama da ita, ya tsallaka titin tasha, ya tsaya gefen masu rake, ya sa hannu a kunne.

"To, kira shi in ji!"

Dole ka tsaya bakin titi da girmanka da babbar rigarka, ka kwarara sunan shagonka sau uku, 'yan acaɓa na kallonka. In sunan ya tsallako lafiya, a yi maganar fenti. In bai tsallako ba, ka koma gida ka sake shawara. Ƙanin mahaifiyata ne, don haka na sha zama a bencinsa ina dariyar manyan mutane. Ban san nawa rabon yana tafe ba, ban kuma san taurin kaina a gabansa zai kusa raba Inna da sana'arta ba.

Waɗanda suka san layin 'yan hatsi za su tuna Alhaji Sambo, dillalin masara daga Mahuta. Shago ɗaya tilo ya kama, amma ɗansa ya tsara masa suna mai jela: Alhaji Sambo da 'Ya'yansa Gulobal Intanashinal Entafiraiz. Alhaji ya cika ƙirji ya fara kira. Yana kan "'Ya'yansa" tirela ta gifta, yana kan "Gulobal" tari ya sarƙe shi. Kawu ya dawo yana girgiza kai.

"Alhaji, wace ƙasa kake kai masarar nan?"

"To, Tsiga dai. Wani lokaci har Gozaki."

"Madalla! Ashe Gozaki ta samu 'yancin kai ba mu ji a rediyo ba."

"Haba Malam Lado, ai na zamani ne."

"Kafin ka gama faɗinsa mai saye ya kai Malumfashi ya dawo. Mutane mi suke ce maka a kasuwa?"

Alhaji ya sosa ƙeya ya ce, "Sambo Mai Gyara." Shi Kawu ya rubuta, da manyan baƙaƙe. Tun daga ranar Alhaji bai ƙara samun damar hana kowa gyara ba, da ya fara shafe bakin mudu sai mai saye ya nuna masa allon da ke bisa kansa. Ciniki ya buɗe masa, amma har ya bar duniya yana cewa Lado ya cuce shi.

Isuhu Tela shi kuma wata dokar ya taka. Sunan da ya kawo gajere ne, ya tsallaka titi tsaf: Cika Alkawari. Sai dai Kawu ba ya rubuta ƙarya, kuma shaddarsa tana wurin Isuhu tun ƙaramar Sallah.

"Isuhu, ina rigata?"

"Juma'a, Malam, in sha Allahu. Wuya kawai ya rage."

"To, allonka ma rubutu kawai ya rage. Juma'a, in sha Allahu."

Ya shafe allon da farin fenti, ya ɗauka da kansa ya je ya kafa a ƙofar shagon. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Babu riga, babu rubutu. Aka yi Sallah huɗu a haka, wallahi ba ƙari! Mutanen gari suka koma cewa "kai ɗinkin shagon Farin Allo." Ranar da Isuhu ya kawo rigar, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Kawu ya ɗauko buroshi zai cika nasa alkawarin. Isuhu ya riƙe masa hannu yana roƙo don Allah kada ya rubuta komai, sunan ya riga ya kama. Kawu ya sha faɗa bayan nan cewa a duk ayyukansa babu wanda ya kai wannan kyau.

To, ga nawa. Inna yaji take dakawa tun kafin a haife ni, irin wanda ake nema wa masu jego, mai citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa. A ƙulle take sayarwa, ranar kasuwa kuma ta wuni cikin rana da faranti a gabanta. Shekarar da mahaifinmu Malam Haruna ya rasu na dawo daga Zariya da takardar karatun kasuwanci, kaina cike da dabara. Na ce za a zuba yajin a leda mai suna yadda shaguna za su karɓa, Inna ta huta da zaman rana. Sunan ma na zaɓa, don tunawa da mahaifina: Yajin Malam Haruna.

Na je na tsaya bakin titi na kwarara shi sau uku. Gajere ne, babu ƙarya a ciki. Amma Kawu ya daɗe a tsallake kafin ya dawo, kuma ba ya dariya.

"Ba zan rubuta ba."

"Kawu, ya tsallaka fa!"

"Titi ya tsallaka. Bai shiga gida ba."

"Kamar yaya?"

"Ka je ka tambayi malamanka na Zariya."

Halinsa mai ban haushi ke nan, ba ya bayani, sai ya bar ka ka gwara kai da bango tukuna. Na yi fushi na wuce wurin masu kwamfuta, suka buga mini leda ja da kore, gwanin sha'awa. Inna ba ta karanta boko, don haka na karanta mata da ƙarfi a tsakar gida. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya yi albarka," ta shige ɗaki. Ni sakarai na ɗauka daɗi ne ya rufe mata baki.

Ba a yi mako ba wata Hajiya mai shago a Malumfashi ta zo sari. Ta juya ledar ta ce, "Inna, ban zo da tabarau ba. In an tambaye ni, me sunansa?"

Inna ta ja mayafi tana kallon ƙasa. "Sunan mai gidan nan ne."

"Wane ke nan?"

"Marigayi."

Shi ke nan, a Malumfashi ya zama Yajin Marigayi. Ku gaya mini, wa zai ɗauki yajin marigayi ya kai wa mai jego? Matan ƙannena ma da ke taya ta sayarwa babu mai iya kama sunan suruki a baki. Ɗaya ta ce "na Baba," ɗaya ta ce "mai jar leda." Kaya ɗaya suna uku, kuma babu na kan ledar a ciki. A gidan nan na tashi, ban taɓa jin sunan mahaifina daga bakin Inna ba ko sau ɗaya, amma boko ya toshe mini kunne har na ɗora mata sana'ar da ba ta iya kiran sunanta.

Wata safiya na fito na tarar an kife turmi a jikin bango. Inna ta ce hannunta ke ciwo, ta gaji, a bar wa yara. Na san ba hannu ba ne. In ban da kwanakin takaba, ban taɓa wayar gari a gidanmu babu ƙarar taɓarya ba. Sai na ga tsohuwar ta fara zama shiru a ƙofar ɗaki tana kallon kaji, kuma ni na jawo.

Na tattara girman kaina na koma rumfar Kawu. Ya ɗauki sanda ya ja ni bayan tasha, inda ake zubar da shara. Ya tona ya ɗago wata leda ja da kore, babu yaji a ciki, duk ta sha taɓo.

"Karanta."

Na kau da kai daga ledar.

"Ubanka ne nan, akuya ta fara taunar shi. Sunan annabi ne kuma. Uwarka ta shekara arba'in tana ɓoye sunan nan a bakinta don girmamawa, kai ka ɗauko ka raba wa bola. Wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake so, mi zai yi da leda?"

Idona ya ciko. Don in kare kunya na ce, "To Kawu, a sa nawa. Yajin Kabiru."

Ai kuwa sai da ya dafa sanda don dariya. "Kai! Ɗan fari! Naka yaushe ta taɓa faɗa? Ga furfura ta fara fito maka a gemu, har yau 'wannan yaron' take ce maka. Wallahi Zariya ta yi asarar alli!"

Washegari ya kulle rumfa, mutumin da ko ranar Sallah da yamma sai ya buɗe. Ya zo da tabarmarsa ya baje a zaurenmu, ya ce tuwon yayarsa ya zo ci. Kwana uku yana nan, yana cin tuwo yana sauraren masu zuwa neman yaji ana mayar da su. Akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar gidanmu, ni na daina ganinta ma saboda sabo. Wannan ta yi sallama ta ce, "Nan ne gidan tsamiya?" Waccan ta ce, "Ni ba na leda nake so ba, na gidan tsamiya aka aiko ni, irin na da." Kawu yana ji yana gyaɗa kai yana ƙara miya.

A rana ta uku ya shiga cikin gida ya tsaya kan Inna.

"Yaya, in wata ta ɗanɗana yajinki a gidan suna ta ce na ina ne, mi ake ce mata?"

"Ji Lado da neman magana. Na Gidan Tsamiya mana, wa bai sani ba?"

Kanta a ɗage ta faɗa, ko mayafi ba ta taɓa ba.

"Sake faɗa in ji."

"Tafi can! Ni ba 'yar tasharka ba ce."

Ya fito yana murmushi, ya naɗe tabarmarsa. Da zai wuce ya ce mini, "Suna ba a kanka yake ba, yaro. Yana bakin mutane tuntuni, zuwa ake a ɗauko." Da hantsin washegari na ji turmi. Na tsaya a zaure ina saurare kamar ban taɓa jin daka ba.

Allon ya rubuta shi da kyau, Yajin Gidan Tsamiya, har ya zana itacen a gefe. Na ce masa tsamiyar ta fi kama da lema. Ya ce in ina son tsamiya ta gaske ga ta nan a ƙofar gida, in tumɓuke in manna. Sauran ledojin farko kuwa ya hana a zubar, ya hana a bayar. Ya sa na jera su a akwatin ƙarfe, suna nan a ɗakina. Yanzu shagunan Funtuwa da Malumfashi aike suke yi, Inna tana inuwa tana ba mata masu daka umarni, ta kuma ƙi sakin taɓaryarta.

Bara bayan an cire amfanin gona Kawu ya kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in muka fara shirin zuba daddawa a leda. Rabi tsokana rabi gaske na ce da Inna, ko a sa mata Daddawar Lado? Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"So kake ya taso da sandarsa?"

Sai ta bar dariyar. Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Bar shi, yaron nan. Nasa ni zan riƙe. Tsakanin kai da mai gidan nan da shi, shi kaɗai nake iya kira da cikakken baki."

Haka kuwa take yi. Kullum in ta idar da sallar asuba ina jiyo ta ta bango, a fili ba rawar murya: "Allah ka jiƙan Lado." Sai ta sassauta murya ta ƙara, "da mai gidan nan."

Ina amsa mata daga ɗakina, ba ta sani ba. Allah ka yafe wa Kawu Lado kurakuransa, ka haskaka masa makwanci, ka kira shi cikin bayinka na gari. Amin.