Ranar da muka kai kwamfutar marayu Rijiyar Zaki

Na sha wahala a tafiyar nan, ba zan ɓoye muku ba. Har yanzu ƙuguna bai dawo daidai ba. Amma tunda kun dame ni da kira, ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga waɗanda suke cirani ba su san tushen maganar ba: ofishin gona ya ce duk ƙungiyar da ke son irin gyaɗa da taki a bana ta kai sunayen mutanenta ranar Alhamis, a sabon tsari, kowa da lambarsa ta rajista da girman gonarsa. Wadda ba ta kai ba sai baɗi. Sunayenmu da lambobin kuwa duk suna cikin tsohuwar kwamfutar sakatarenmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu wata biyu da suka wuce. Shekaru ya yi yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Ba mu da su a takarda. Rabin mutanenmu suna kudu, kuma ba wanda ya haddace lambarsa. Ni da aka ɗora wa riƙon sakatare, aji huɗu na yi a firamare, ko kunna ta ban iya ba.

Dama ƙungiyarmu ta manoma ta sa wata malama a Rijiyar Zaki, cikin Kano, ta rubuta mana manhajar da za ta fitar da sunayen yadda ofis ke so, a kan sabuwar kwamfutar hannu da muka saya. Ta ce min a waya sai an kawo tsohuwar, don manhajar ta karanto daga cikinta. Nan matsala ta taso. Kwamfutar ba ta ƙungiya ba ce, da guminsa marigayi ya saya. Ba a raba gado ba, matarsa na takaba, ga yara biyar, kuma malamin da zai yi rabon ya riga ya rubuta ta cikin kayan da aka bari, tare da keke da injin ban ruwa. Kwana uku ina zarya a gidan. A ƙarshe ƙanen marigayi ya yarda, amma sai da shi za a tafi, kuma a dawo da ita kafin magariba, kuma kada a cire komai a cikinta, kada a ƙara komai.

Mun tashi da asuba ranar Talata, ni da shi, a kan babur ɗaya. An naɗe kwamfutar da bargo an sa a buhun taki, shi ya rungume ta a baya. Gonaki duk an share, an jibge takin gida tsibi-tsibi, ana jiran ruwa kawai. Duk gonar da muka wuce na san mai ita, kuma na san sunansa na cikin buhun nan.

A Ɗambatta muka bar babur wurin wani ɗan'uwa, muka sha koko da ƙosai a tasha. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Ɗan kamasho ya ce a sa buhun a but, inda aka riga aka cusa buhunan gero da akuya biyu. Abokin tafiyata ya ce ko kusa. Aka ce to a biya mata kujera. Na ce kujerar me, ita ba ta da ƙafa? Aka yi ta ja, a ƙarshe muka biya dubu ɗaya da ɗari biyar kowannenmu, muka ɗora ta a cinya, rabi a tawa rabi a tasa. Mu huɗu a layin da aka yi don mutum uku. Duk ramin da motar ta faɗa, kusurwar ƙarfen nan sai ta soke ni a cinya, shi kuma ya ce da direba, "Malam, a hankali, kayan marayu ne." Har fasinjoji suka haddace, kafin mu wuce Kunya wata tsohuwa ke riga shi faɗa.

Da muka doshi Kano sai na ga abin da bai yi min daɗi ba. Wuraren da na sani a da da dawa da gero ta wajen Ungogo, yanzu bulo ne da turakun siminti, an yanka su fuloti-fuloti. Ɗorawa ɗaya na gani a tsaye cikin harsashin gini.

Daga tasha muka ɗauki adaidaita sahu ta Kabuga zuwa Rijiyar Zaki. Can kuma wata duniya ce: ɗalibai, shagunan buga takardu, masu shayi da rana tsaka. Malamar tana aiki ne a wani ɗaki a zauren gidansu. Iyayenta mutanen Barno ne da suka daɗe a Kano, tun daga ƙofa ƙamshin turaren wuta ya gaya mana haka. Ba ta kai shekarun 'yata ta fari ba. Ta gaishe mu har ƙasa, ta yi wa abokina ta'aziyya, aka kawo ruwa.

Tana kunna tsohuwar kwamfutar ta ɗauko ɗan filashi, ɗan abin nan na ajiye bayanai, za ta soka. Ƙanen marigayi ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ba shi ne abin da ake zuƙe kaya da shi ba? Ta ce kwafi kawai za ta yi, na ciki ba ya raguwa. Ya ce shi dai ya yi wa malami da matar wansa alkawari, kuma ba zai tsaya gaban Allah da haƙƙin yara biyar a wuyansa saboda maganar da bai gani da idonsa ba. Ni raina ya ɓaci. Na ce masa sunayen mutanen gari ne fa, ba dukiya ba. Ya ce a cikin dukiya suke zaune. Gaskiya ce kuwa.

Malamar ba ta yi musu ba. Ta mayar da filashin aljihun tebur, sannan ta ce akwai wata hanya. Ta ɗauko wata shuɗiyar waya ta haɗa tsohuwa da sabuwa. Ta yi mana bayani a hankali: sunayen suna cikin wani wuri da suke kira rumbun bayanai, manhajar da ta rubuta kuma ba ta iya shiga can kai tsaye. Sai an sa wata ƙaramar manhaja a tsakani, a bakinsu direba suke ce mata, aikinta kamar na tafinta: ta kai tambaya, ta dawo da amsa. A kan sabuwar kwamfuta za ta sa ta, ba a kan ta marigayi ba. Kuma ta nuna masa wani ɗan akwati da ta sa wa alama, ta ce wannan ya hana rubutu ko gogewa, karatu kawai.

Ta danna. Sai wani jan rubutu ya fito. Ta sake, ya sake fitowa. Ni ban iya Turanci ba, amma na san ja ba alheri ba ne. Ta ce tafintan da ta sa na sababbin injuna ne, na sittin da huɗu, manhajar kuwa na talatin da biyu take nema, ba za su ga juna ba. Sai ta sauko da wanda ya dace daga intanet, ga shi sabis na jan ƙafa. Aka kira azahar muka je muka dawo, yana nan yana saukowa. Aka kawo mana burabusko da miyar kuka, mai daɗi ƙwarai, amma ni agogo nake kallo, shi kuma yana ci idonsa na kan wayar nan mai shuɗi.

Wajen biyu da rabi ta sake dannawa. Sai ga sunaye sun zubo, layi bayan layi, kowa da lambarsa da gonarsa. Na ga nawa.

Abokina bai yi murna ba tukuna. Ya tambaya ko yanzu sun koma can ke nan. Ta ce, "Baba, zare wayar da hannunka." Ya zare. Ta sake dannawa, sabuwar ta zama fayau, ba ko suna ɗaya. Ta buɗe tsohuwar, ga su nan cif. Ya mayar da wayar, suka dawo. Sau uku ya yi haka. A na ukun ya zauna, ya ce, "To, leƙe kawai take yi. A buga."

Aka buga mana shafi tara, kwafi biyu. Maganar yadda za a yi nan gaba kuwa, ya ce sai an raba gado, wanda ta faɗa a rabonsa shi za mu roƙa. Ban ja ba.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, ko don takardun na cikin 'yar cikina ne. Rana na ja muka shiga garinmu. Muka sauke buhun a zauren marigayi, aka kira malami ya duba, aka aika wa mai takaba cewa kaya sun dawo yadda suka tafi. Ana kiran magariba ina cire takalmi a ƙofar gidana.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mun bar sunayen gari duka a ɗakin mutum ɗaya, don muna ganin kullum yana nan. Laifinmu ne, ba nasa ba. Kuma na yi fushi da ƙanensa a hanya, yanzu na janye. Idan nawa 'ya'yan ne, irinsa nake so ya tsaya musu.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya a ƙofar masallaci na karanta sunayen, da ƙyar, ina haɗa baƙi. Wanda yake nan ya amsa, wanda ke cirani ɗan'uwansa ya amsa masa. Da na zo kan sunan marigayi sai na tsaya, ban san ko in karanta ko in tsallake ba. Ƙanensa ya ce daga baya, "A bar shi. Ni zan nome wa yaran." Na sa alama da biro, na ƙarasa sauran, na naɗe takardun na hau babur zuwa ofishin gona a Ɗambatta.