Ƙahon da Ban Bari Sakinatu Ta Kafa Mini Ba

Da sunan Allah Mai rahama. Daga innarka Shafa'atu a Musawa, zuwa ga ɗana Malam Shitu a Malumfashi. Ka yi haƙuri da na ɗora maka karatun takarda kana tsakiyar karɓar gaisuwa. Da ƙafafuna za su kai ni, da ban wahalar da kai ba.

Rabe mai jakuna ne ya kawo mana labari, cewa mahaifiyarka, ƙanwata Sakinatu, ta rasu ranar Litinin, tara ga Rajab, shekara ta 1288 bayan Hijira. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya ce mata sun bar yankan gero sun taho daga ƙauyuka, har gidan ya kasa ɗaukarsu. Na yi kuka. Amma ba zan ɓoye maka ba, cikin kukan har na tambayi kaina mutum nawa ne za su ajiye lauje ranar da tawa ta zo.

Sakinatu, bari in yi magana da ke, tunda ban yi ba kina raye.

Babanmu Maiwada wanzami bai samu ɗa namiji ba, matan unguwa kuwa ba sa son buɗe wa namiji baya. Sai ya kira mu mu biyu, ya fara miƙa mini aska don ni ce babba. Na kasa tsaga fata da ita. Ya karɓa, ya ba ki. Kina 'yar shekara goma sha ɗaya kika tsaga fatar kamar kin saba. Daga ranar ke kika bi zabirarsa, jakar aikin nan mai warin man shanu, ni aka bar ni da allo. Na sauke Alƙur'ani, aka yanka rago, amma ban daina leƙen zabirar ba.

Na shaida ba kya jira sai mutum ya kwanta. Kullum cewa kike jiki kamar gona ne, kafin ruwa ake share shi. Da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ki jera mata a inuwar rumbu, ki kafa ƙaho a ƙeya da kafaɗa da kwankwaso, ki zuƙa, ki toshe da kaki, ki zubar da mataccen jinin a rami ki binne. Suna tashi suna cewa jikinsu ya yi sakayau. Tsohuwar nan Asma'u da ba ta da kowa, ke kike zuwa har ɗakinta duk shekara, ki gama ki daka mata fura. Kina aiki kina tsokana: "Ke Mero, wannan bayan naki ai faifai ne, ƙaho shida ba zai ishe shi ba!" Su yi ta dariya har su manta da kaifin aska.

Ni kuwa abin da ake nema a wurina shi ne lissafin ranar da ta dace da kafa ƙaho. A zo a ce, "Malama, yaushe ne sha bakwai ga wata?" In faɗa, a yi godiya a tsaye, a wuce wurinki a wuni.

Shekara ashirin da aure ya kawo ni Musawa, ban taɓa ba ki bayana ba. Na ce kunya nake ji, babba ba ta tuɓe wa ƙanwa. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Ba na son in ji da jikina abin da ake yabo.

Bana, cikin Safar, kika ji ciwon kafaɗa ya hana ni ɗaukar tulu. Kika rataya zabira, kika kwana a hanya, kika iso da ƙafa a kumbure. Kika ce, "Yaya, yau dai ba inda za ki gudu." Na ce miki yau Laraba ce, malamai sun karhanta ƙaho a cikinta. Gaskiya na faɗa, kuma kin yarda, don ba ki taɓa musa mini a kan karatu ba. Abin da na riƙe shi ne washegari Alhamis ce, sha tara ga wata, ɗaya daga ranakun da aka fi so. Da na ce ki kwana, da shi ke nan. Ban ce ba. Kin daɗe kina kallona, sannan kika ce, "To Yaya, ke kika san rana." Kika sha ruwa, kika bar mini ƙullin daddawa, kika bi ayarin masu komawa. Ban sake ganinki ba.

An ce Mero ce ta wanke ki, kuma ita kika bar wa zabirar. Ta cancanta. Na faɗi haka da baki sau da yawa, zuciyar ce ba ta gama bi ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa kowane jiki da kika sauƙaƙa wa ya zame miki shaida. Allah Ya ba ka haƙuri, Shitu, kai da ƙannenka da mahaifinku.

Ɗana, an ce kai ne a kanta har ta cika. Shin ta ambace ni? Ta taɓa yi maka zancen zuwanta Musawa, ko ta ce ta yafe wa wani? In ba ta ce komai ba, ka rubuto haka, kada ka gyara don tausayina. Rabe zai juyo ranar kasuwa mai zuwa. Don Allah ka ba shi amsa ya taho da ita.