Baƙin Zanen Kaka a Dandali

A Dogon Dutsi na fara sanin wasan kwaikwayo, shekarun da tutarmu take sabuwa. Mushe, wato malamin ajinmu na ƙarshe, ya ce za mu yi wasa ranar bikin ƙasa, a gaban kwamanda da manyan baƙi. Shi ne mai tsara wasa, ya kuwa raba aiki kamar naman layya. Wani ya samu labule, wato barguna biyu a kan igiya. Wata mai ƙaramar murya ta zama mai raɗa, tana ɓoye a gefen dandali tana tuna wa wanda ya manta. Kayan sawa da kwalliya aka damƙa wa wata Kirista mai ɗinki a mishan. Ni, saboda bakina ba ya shiru, aka ba ni tsohuwar bokanya.

Baƙin zanen da na ɗaura na kakata ne. Kaka 'yar bori ce, Doguwa ke hawanta. 'Yan lakwal, wato 'yan boko, na lokacin suna yi wa irinta dariya, ni kuma babu abin da nake tsoro kamar a yi mata. Sai da na roƙe ta kafin ta yarda ta zo kallo.

Mai gogen da aka ɗauko ya yi mana kiɗa ranar wasan bai taɓa zuwa gwaji ba. Yana ganin baƙin zane, hannunsa ya yi abin da ya saba, ya saki taken Doguwa na gaske. Kaka ta yi ƙara, ta miƙe, ta hau dandali idonta a kafe. 

"Durƙusa!" in ji mai raɗa. "Mi kika jira? Gaishe ta!"

Na durƙusa na yi gaisuwar da nake ji a gida tun ina ƙarama. Sauran 'yan wasa suka zube bayana. Mushe ya bari aka ɗan jima, sannan ya ɗaga hannu, barguna suka haɗu. Baƙi suka yi ta tafi, wai tsari ya yi kyau. Mutanen gari kuwa duk sun san abin da suka gani, amma suka taya su tafin.

A bayan labule mai ɗinkin nan ta lulluɓe Kaka da mayafinta, ta riƙe ta har ta yi atishawa iskar ta sauka. Har gobe ina gode mata, ina gode wa garin nan gaba ɗaya, domin ko a bakin rijiya ba a ta da zancen ba.

Wanda iska ta hau ba ya tuna komai. Washegari Kaka tana ninke zanenta ta ce, "Na ji an ce wata tsohuwa ta hi ku duka iyawa. Wace ce?"

Na ce, "Baƙuwa ce, Kaka. Kowa ya girmama ta."